Gudan Jinin da Ya Wuce: Lambarsa a Fayil da Kulawar da Ta Rage

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan mutumin da jini ya taɓa daskare masa a jijiyar ƙafa ko ta huhu, aka yi magani ya miƙe. Wasu masu tambayar ma'aikata ne da ke sa wa cututtuka lamba a fayil, wasu kuwa masu ƙafar ne da kansu. Likitan jini da ƙwararriya a adana bayanan asibiti ne suka haɗu suka amsa. Mun taƙaita wasiƙun, mun cire sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, ina koyon aikin sa wa cututtuka lamba don inshora ta biya asibiti. A fayil ɗin gwaji likita ya rubuta cewa dattijuwa ce 'yar shekara 64, tana da tarihin gudan jini a jijiyar cinyar hagu shekara biyu da suka wuce, tana shan Eliquis miligiram 2.5 sau biyu a rana. Na sa I82.512 aka ce na faɗi. Idan gudan jinin ya wuce, maganin na mene ne?
*Wata ɗaliba, birnin New York*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gyaran da aka yi miki daidai ne, kuma a nan kusan kowa ke tuntuɓe a farkon aikin. Lambobin da ake nema su ne Z86.718 da Z79.01. Ta farko na nufin an taɓa samun gudan jini a jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, amma yanzu babu shi. Ta biyu na nufin matar na kan maganin tsinka jini na dogon lokaci.

Maganin ne ya ruɗe ki. Ana shan sa don dalili biyu: ko don gudan da ke nan, ko don kada wani ya sake zuwa. Adadin da take sha ma ya ba da haske, don Eliquis ana fara shi ne da miligiram 10 sau biyu a rana na kwana 7, a koma 5 sau biyu, sai bayan wata shida a sauko 2.5 ga wanda za a ci gaba da karewa. Amma ki kula, ba daga adadin ƙwaya ake ciro lamba ba. Kalmar likita ake bi, shi kuwa "tarihi" ya rubuta.

A littafin lambobin cututtuka na ICD-10-CM, wanda Amurka ta fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoba 2015, gudan jinin ƙafa gida uku gare shi. Sabo yana ƙarƙashin I82.4, daɗaɗɗen da ke nan har yanzu yana I82.5, wanda ya wuce yana Z86.718. A biyun farko lamba ta biyar ce ke faɗin jijiyar: 1 ta cinya, 2 ta ƙugu, 3 ta bayan gwiwa, 4 ta ƙauri. Ta shida na faɗin ɓangare: 1 dama, 2 hagu, 3 duka biyu, 9 ba a ambata ba. Da kika sa I82.512, abin da kika shaida wa inshora shi ne cinyar hagun matar nan a toshe take yau. Z86.718 ba ta da dama ko hagu, ba ta kuma bambanta ƙafa da hannu.

Littafin bai yanke wa'adin da sabo ke zama daɗaɗɗe, ko daɗaɗɗe ke zama tarihi ba. Za ki ji ana cewa wata uku ko wata shida. Wannan maganar likitoci ce game da tsawon magani, ba doka ce ta mai sa lamba ba. Inda abin ya fi cizo shi ne idan likita ya rubuta "gudan jini a ƙafa, tana kan Eliquis" ya yi shiru. Fihirisar littafin za ta kai ki I82.40, wato sabo, ko da abin ya shekara biyar. Haka ake samun fayil da ke nuna mutum na da sabon gudan jini a kowane zuwa asibiti shekara da shekaru, alhali rubutun bara ne na'ura ke kwafowa. Kalmar "mai dawowa" ma ba ta warware komai, don ba ta faɗi ko yana nan yau ba. A irin wannan sai ki tura wa likita tambaya a rubuce, ba tare da kin ja shi zuwa amsar da ta fi kawo kuɗi ba. Misali: "An rubuta gudan jini a cinyar hagu tare da Eliquis. Don Allah a fayyace: sabo ne ana kan maganinsa, daɗaɗɗe ne da ke nan, ya wuce ana shan maganin don rigakafi, ko wani abu ne daban?" Takardar sikanin da ta ambaci tsohon saura a jijiya ba ta isa ki sa I82.5 ba, sai likitan da ke duba ta ya tabbatar.

Ƙarƙashin I82.5 akwai alamar da littafin ke kira Excludes1, wadda ta hana haɗa ta da Z86.718: gudan jini ɗaya ba ya zama yana nan kuma ya wuce. Haka tsakanin I27.82, daɗaɗɗen toshewar jijiyar huhu, da Z86.711, tarihinta. Amma Z86.711 da Z86.718 na tafiya tare idan mutum ya yi na ƙafa da na huhu. Kada ki haɗa su da maƙwabtansu: Z86.72 tarihin kumburin jijiya mai haɗe da daskarewa ne, Z86.73 tarihin shanyewar ɓarin jiki ne, kuma asfirin na da tasa lambar, Z79.82, ba ya shiga Z79.01.

Jeri ma na da muhimmanci. Idan ta zo a duba ta bayan an kammala magani, Z09 ce gaba, Z86.718 na biye. Idan mai shan wafarin ce, wani maganin tsinka jini, ta zo gwajin INR, wato awon yadda maganin ya tsinka jinin, Z51.81 ce gaba, sai Z79.01, sai dalilin shan maganin. Idan ta zo da ciwon sha-raɓa ana zargin sabon gudan jini, a sashen masu zuwa su koma gida ba a sa wa zargi lamba. Alamar ake sa wa, kamar M79.662 ga ciwon ƙasan ƙafar hagu, tare da tarihin.

Ba a banza ake tsananta wannan ba. Lambar tarihi ba ta ƙara makin da ake lissafa wa kamfanonin inshorar lafiyar tsofaffi ta Medicare Advantage kuɗi da shi, kuma ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiyar Amurka ya sa toshewar jijiya cikin cututtukan da yake bin diddiginsu, musamman fayil mai lambar gudan jini babu alamar an ba mai shi maganin tsinka jini. Ki riƙa duba bugun kowace shekara, don ana sabunta lambobin duk 1 ga Oktoba.

Tambaya: Ni ma'aikacin ɗakin kati ne a wani asibiti a Arewa. Na duba littafinmu kaf ban ga Z86.718 ba. Namu ne ya tsufa?
*Wani ma'aikaci, jihar Kaduna*

Amsa: Malam, littafi biyu ne masu kama da juna. Naka na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, ICD-10 na asali, wancan kuwa Amurka ce ta faɗaɗa shi don kanta. A naka tarihin yana Z86.7, shan maganin tsinka jini na dogon lokaci yana Z92.1, gudan jinin zurfin ƙafa yana I80.2, na jijiyar cinya I80.1, na huhu I26.9, ko I26.0 idan ya taɓa ɓangaren dama na zuciya. Kada ka kwafo lambar Amurka daga intanet ka cusa a rajistarku, lissafin ƙarshen wata zai rikice. Hukumar ta fitar da ICD-11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, amma kowace ƙasa da lokacin da take komawa kansa.

Raunin Z86.7 shi ne ta tattara tarihin cututtukan jijiya da zuciya iri-iri a buhu ɗaya. Wanda ya gan ta ba zai san gudan jini ne ba. Don haka a shafin farko na folda a rubuta da kalmomi: wace jijiya, wane ɓangare, wace shekara, me ya jawo shi, wane magani, tsawon wane lokaci. Layi ɗaya ne, amma shi likitan tiyata da ungozoma za su nema nan da shekara goma.

Tambaya: Na yi wata shida ina shan magani, likita ya ce in daina. Amma sikanin ya nuna akwai saura a bayan gwiwa, kuma kullum da yamma ƙafar na kumbura ta yi nauyi. Na warke ko ban warke ba?
*Wani tela, Zinder*

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, Malam. Maganin tsinka jini ba ya narkar da gudan. Hana shi girma yake yi, jiki ya cinye shi a hankali. A wajen rabin mutane ana ganin saura a sikanin ko bayan shekara guda. Wannan saura ya riga ya zama tabo manne da bangon jijiya, ba irin wanda ke ɓallewa ya tafi huhu ba ne, kuma shi kaɗai ba ya tilasta ci gaba da magani. Ka karɓi kwafin wannan sikanin ka adana. Ranar da ƙafar ta sake ciwo, da shi za a gwada: idan an ga toshewa a wurin da a da yake buɗe, ko kaurin sauran ya ƙaru da milimita 4 ko fiye, sabo ne. In babu tsohon hoto, sau da yawa tabon ake gani a mayar da mutum kan magani ba gaira ba dalili.

Kumburin yamma daga 'yan ƙofofin cikin jijiya yake, waɗanda ke hana jini komawa ƙasa. Gudan ya lalata su, sai jini ya riƙa taruwa idan ka daɗe a zaune ko a tsaye. Yana samun mutum 20 zuwa 50 cikin 100 na waɗanda suka yi gudan jinin ƙafa, ya yi tsanani a 5 zuwa 10. Alamarsa ita ce da safe ƙafar ta saki, da yamma ta cika. Lambarsa I87.0, kuma cuta ce da ke nan, ba tarihi ba. A littafin Amurka I87.002 ce ga ƙafar hagu marar gyambo ko wata ƙarin matsala.

Abin da ke taimakawa safa ce mai matsi, mai tsayawa ƙasan gwiwa, wadda aka rubuta 20 zuwa 30 a kwalinta, a hau 30 zuwa 40 idan ba ta isa ba. A auna idon sawu da sha-raɓa da safe kafin a saya. A sa ta da an tashi, kafin kumburi ya fara, a cire da dare, a sauya bayan kamar wata shida don robar na saki. Kada a naɗe bakinta ya zama zobe, zai shaƙe ƙafar. Mai ciwon suga ko mai shan taba a fara duba masa ƙarfin jinin da ke sauka ƙafar, don safa na cutar da ƙafar da jini ba ya isarta sosai. Gaskiyar da za mu faɗa maka ita ce wani babban bincike a Kanada da Amurka, mai mutum sama da 800, da aka wallafa a 2014, bai ga safar na hana matsalar zuwa ba. Rage nauyi da kumburi take yi, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai wuni a kan keke. Keken ƙafa ya fi maka na lantarki a nan, tunda taka shi na matsa naman sha-raɓa ya tura jini sama. Ka tashi ka zaga duk awa, da dare ka ɗora ƙafar a kan matashi ta fi ƙirjinka tsawo, ka riƙa shafa man kaɗanya ko basilin kada fatar ta tsage. Idan fatar cikin idon sawu ta fara baƙi da tauri, a nan gyambo ke fitowa, ka nuna wa likita tun bai fashe ba.

Kumburin da ya zo farat ɗaya, bai sauka da safe ba, ga sabon ciwo, ko sha-raɓa ta fi ɗaya kauri da sama da santimita 3, na asibiti ne a ranar. Kada a kai shi wajen mai tausa ko maɗori.

Tambaya: Shekarata 52. Jini ya daskare mini a huhu ba tare da wani dalili ba. Likita ya ce in ci gaba da magani babu ranar dainawa. Maƙwabcina ya yi nasa bayan karaya, wata uku ya daina. Ga maganin da tsada.
*Wani ɗan kasuwa, Kumasi*

Amsa: Alhaji, ba ciwo ɗaya kuka yi ba. Abin da ya jawo gudan jini shi ke faɗin ko zai dawo. Ƙididdigar da ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta yi aiki da ita a ƙa'idojinta na 2016 ta nuna wanda nasa ya biyo bayan tiyata, idan ya daina magani, kusan 1 cikin 100 ne ke sake yi a shekarar farko, 3 a cikin shekara biyar. Idan dalilin ƙarami ne mai wucewa, kamar doguwar tafiya ko rauni a ƙafa, 5 ne a shekara, 15 a shekara biyar. Wanda nasa ya zo babu dalili kamar kai, 10 ne a shekarar farko, 30 a shekara biyar, kuma na maza ya fi na mata dawowa. Ƙari a kan haka, wanda na farkonsa a huhu ne, na biyun ma ya fi zuwa a huhu. Maganin na rage dawowar da sama da kashi 80 cikin 100. Asfirin kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, don haka ba madadinsa ba ne.

"Babu ranar dainawa" na nufin a sake zama a kai duk shekara: a auna yawan jini, aikin ƙoda da hawan jini, a tambayi ko akwai zubar jini, a ga ko amfanin ya fi haɗarin har yanzu. Bayan wata shida ana iya rage Xarelto, maganin tsinka jini irin Eliquis, daga miligiram 20 zuwa 10 sau ɗaya a rana, ko Eliquis daga 5 zuwa 2.5 sau biyu. Idan kuɗi ne matsalar, wafarin ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai yana son gwajin INR, a riƙe shi tsakanin 2 da 3, kamar duk mako huɗu idan ya daidaita. Abin da ba ma so shi ne ka riƙa tsallake kwana ko raba ƙwaya don ta kai ƙarshen wata. Sababbin magungunan nan ƙarfinsu na barin jiki cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ka faɗa wa likita gaskiya. Matsalar ta yi yawan da har lamba aka ware mata a littafin Amurka, Z91.120, rage magani saboda rashin kuɗi.

Idan bayan wata uku na magani har yanzu kana haki a hawa bene, a yi maka hoton zuciya. Kaɗan daga cikin masu irin ciwonka tabon na toshe jijiyoyin huhu har jini ya hau a cikinsu, kuma ana iya yi masa aiki idan an gano.

Tambaya: Shekarata 29. Na yi gudan jini a ƙafa ina shan ƙwayar tazarar haihuwa. Na gama magani shekara ɗaya ke nan, yanzu muna son haihuwa. Me zan yi? Bayan na haihu kuma wace hanyar tazara ta rage mini?
*Wata matar aure, Sakkwato*

Amsa: 'Yar'uwa, ki je awo da zarar kin ga ɓatan wata, kuma kalmar farko da za ki faɗa ita ce wannan tarihin. Juna biyu na ninka haɗarin daskarewar jini sau huɗu zuwa biyar, makonnin jego sun fi haka. Tunda naki sinadarin estirojin na cikin ƙwayar ne ya tayar da shi, ciki kuwa cike yake da shi, ƙa'idojin Ingila da na Amurka sun haɗu a kan a ba ki allurar rigakafi tsawon cikin, da mako shida bayan haihuwa. Allurar ita ce enoksafarin, wadda aka fi sani da Clexane: miligiram 40 sau ɗaya a rana ga mai nauyin kilo 50 zuwa 90, miligiram 60 ga mai 91 zuwa 130. Ana yin ta a ƙarƙashin fatar gefen ciki ko cinya, a riƙa sauya wuri, kada a murza bayan an zare. Ba ta ratsa mabiyiya ta kai ga jariri. Wafarin na ratsawa, yana lalata halittar ɗan tayi musamman tsakanin mako na 6 da na 12. Xarelto da Eliquis ma ba a ba mai ciki ko mai shayarwa.

Da kin ji naƙuda, ko faya ta fashe, ko kin ga jini, kada ki yi allurar ranar. Ki riƙe lokacin da kika yi ta ƙarshe, don ba a yin allurar kashe zafi ta baya sai an sami awa 12 tsakani. A asibiti za ki haihu. Bayan haihuwa Clexane da wafarin duk ba sa hana shayarwa. Kwana arba'in na jego ba na kwanciya ba ne a gare ki: ki riƙa tashi kina zagaya gida, ki sha ruwa sosai.

Game da tazara, duk abin da ke da estirojin ya haramta miki har abada, ƙwaya ce ko manne. Robar mahaifa mai jan ƙarfe ba ta da wata matsala. Robar mai sinadari, ashanar fata da ƙwayar masu shayarwa duk ana yarda da su. Allurar wata uku likitoci sun fi ɗari-ɗari da ita ga mai tarihinki, a bar ta sai in babu wata. Ga masu fayil: O22.3 da O87.1 na wadda gudan ya same ta a cikin nan ko jegon nan ne, mai tarihi kawai lambar tarihi ake sa mata.

Tambaya: Mahaifinmu ɗan shekara 67 na shan Xarelto 20 saboda gudan jini da ya yi sau biyu. Zai je Hajji, yana azumin nafila, kuma ya saba ƙaho duk shekara.
*Wani matashi, Kano*

Amsa: Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya. Zaman da ya wuce awa huɗu wuri ɗaya na ƙara haɗari, jirgin Kano zuwa Jidda ya wuce haka, ga zaman sansanin alhazai da na mota. Tunda Baba na kan cikakken magani, ba ya bukatar ƙarin allura ko asfirin. Abin tsoro shi ne maganin ya yanke. A sa shi a jakar hannu tare da takardar likita, a ƙara na mako biyu a kan kwanakin tafiyar. Ya nemi kujerar bakin hanya, ya tashi duk awa ɗaya ko biyu, ya riƙa motsa idon sawu. Mai tarihi da ba ya shan magani shi ke bukatar safa mai matsi 15 zuwa 30, wani lokaci da allura ɗaya kafin tashi idan likita ya ga dacewar haka. A ci gaba da lura da ƙafa da numfashi makonni bayan an dawo.

Xarelto 15 da 20 sai da abinci, in ba haka ba hanji ba ya tsotse shi duka. Ranar azumi ya sha bayan ya ci abincin buɗa-baki sosai, ba a kan dabino da ruwa ba. Ƙaho da tsagar wanzami a bar su muddin yana kan maganin. Askin Mina a yi a hankali. Idan aska ta yanke shi a danne wurin minti goma ba ɗagawa.

Tambaya: Mahaifiyata na shan wafarin shekara uku lafiya. Ta yi gudawa muka sayo Flagyl a kemis, da maganin ciwon jiki. Bayan kwana biyar haɓo ya ƙi tsayawa, aka auna INR ya kai 7. Me ya faru?
*Wata malamar makaranta, Jos*

Amsa: Malama, Flagyl na hana hanta sarrafa wafarin, sai ya taru a jiki. Septrin, fulukonazol da sifrofuloksasin duk haka suke. Gudawa da rashin cin abinci sun ƙara, don bitamin K, wanda jiki ke bukata wajen daskarar da jini, ya ragu. Idan maganin ciwon jikin dikulofenak ne, ko ibufurofen, ko garin ciwon kai mai asfirin, ya zo ta wata ƙofar: yana raunana ƙwayoyin da ke toshe rauni, yana kuma cin bangon ciki. Farasitamol ne nata. Akasin haka rifamfisin na maganin tarin fuka ke yi: yana kashe ƙarfin wafarin da na sababbin magungunan, gudan ya dawo ana tsaka da shan magani. Duk sabon maganin da za ta fara, a sake INR cikin kwana uku zuwa biyar. Zogale, alayyahu, rama da kabeji, masu ɗauke da bitamin K, ba a hana ta ba. Kada dai ta yi wata ba ta ci ba sannan ta wuni a kan kwaɗo.

Idan haɓo ya zo ta zauna ta sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan hanci minti 10 zuwa 15. In bai tsaya ba, ko an ga baƙin bayan gida kamar kwalta, jan fitsari, aman jini, ko ta faɗi ta bugu a ka ko da ta ce lafiya take, sai asibiti. INR tsakanin 4.5 da 10 babu zubar jini yawanci tsallake shan kwana ɗaya ko biyu ake yi a sake aunawa. Sama da 10 ana ba da bitamin K ta baki. Zubar jini mai tsanani kuwa sai bitamin K miligiram 5 zuwa 10 ta jijiya tare da sinadaran daskarar da jini ko ruwan jini.

Masu sa lamba su lura da wannan fayil. A littafin Amurka, idan likita ne ya rubuta magungunan biyu aka sha yadda ya ce, illar magani ce: D68.32 ta zubar jini saboda maganin tsinka jini da R04.0 na haɓo, sannan T45.515A ta illar maganin. Idan INR ne kawai ya hau babu jini, R79.1 da T45.515A. Amma maganin da aka sayo babu takardar likita ya yi karo da wanda aka rubuta, ƙa'idar ta ɗauke shi a matsayin guba, sai T45.511A ta zo gaba, sauran su biyo.

Tambaya: Zan cire haƙori, ina kan wafarin. In daina sha?
*Wani direba, Maraɗi*

Amsa: Kada ka daina da kanka, Malam. Cire haƙori ɗaya zuwa uku yawanci ana yin sa ba a tsayar da wafarin ba, idan INR da aka auna cikin awa 24 kafin aikin bai kai 4 ba. A yi da safe, a ɗinke wurin, ka cije auduga minti 20 zuwa 30, kada ka kurkure baki ko ka sha abu mai zafi a ranar. Babbar tiyata ce ake tsayar da wafarin kwana biyar kafin ta, Xarelto ko Eliquis kwana ɗaya zuwa biyu gwargwadon girman aikin da lafiyar ƙoda. Idan gudan jininka bai kai wata uku ba, duk aikin da zai iya jira a ɗage shi. Idan likitan haƙori zai rubuta maka maganin ƙwayoyin cuta, ka tuna masa kana kan wafarin, don Flagyl na cikin waɗanda suka fi rubutawa.